Filin Tambaya da Amsa: Haɗa Kwamfutar Wasa a Kumasi, da Yadda Ake Huda Akwati Ta Sha Iska

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karo a kan kwamfutar wasa ta tebur suke, daga matasan Aboabo da Asawase da Tafo har da ɗaliban jami'a. Mun tsinci waɗanda amsarsu za ta amfani jama'a, muka taƙaita su, muka miƙa wa masu haɗa kwamfuta da gyaranta da ke amsa tambayoyin wannan fili. Da gangan ba mu sa farashi ba, domin kafin ka gama karantawa dala ta motsa, 'yan kasuwar Adum sun sake kuɗi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ɗan tara kuɗi, ina so in haɗa kwamfuta da hannuna don buga EA Sports FC da eFootball da GTA V. Abokaina sun ce in zuba kuɗin a katin hoto, sauran kayan in sayi ko wane iri. Haka ne? Daga wani matashi a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Abokanka sun faɗi rabin gaskiya. Katin hoto shi ya fi komai tasiri a wasa, ba laifi ya cinye kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗinka. Sai dai wannan "ko wane iri" ita ke hallaka kwamfuta, musamman in ta faɗa kan fawa saflai, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta.

Ga haɗin da zai buga wasannin da ka lissafa a allon 1080p ba tare da gargada ba. Firosesa Ryzen 5 5600, wadda ta fito a 2022. Madabod, wato babban allon da ake ɗora sauran kayan a kai, mai soket AM4, B550 ko B450. RAM DDR4 na giga 16, amma sanda biyu masu giga 8-8, gudun 3200, domin sanda ɗaya tilo mai giga 16 tana rage wa firosesa rabin hanyar da take jawo bayanai. SSD irin NVMe, in da hali tera 1, tunda wasa ɗaya yanzu kan ci giga 50 zuwa 100. Katin hoto RX 6600 ko RTX 3060. In ka fi son Intel, Core i5-12400F ita ce takwararta, amma ka duba kwalin madabod ɗin da kyau, domin masu soket LGA1700 akwai na DDR4 akwai na DDR5, kuma RAM ɗin ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya.

Abu biyu kan kama sabon shiga a nan. Na farko, B450 ta girmi Ryzen 5 5600, don haka tsohuwar da ba a sabunta mata BIOS ba, wato manhajar da ke cikin madabod, ba za ta gane firosesar ba; ka sa mai shago ya kunna maka su tare kafin ka biya. Na biyu, 5600 da 12400F duk ba su da hoto na kansu. Ba kati, ba hoto.

Yanzu lissafin wuta. RTX 3060 na jan wat 170, firosesar an rubuta mata 65 tana ɗan haurawa, sauran kaya ka ba su kamar 50. Ka ga an doshi 300. Duk da haka muke cewa ka sayi fawa mai wat 550 zuwa 650, saboda kati kan fizgi wuta farat ɗaya fiye da abin da aka rubuta masa, kuma fawa a ɗaki mai zafi ba ta ba da abin da take bayarwa a sanyi. Kada babban lambar da ke kan kwali ta ruɗe ka. Juya fawar, nemi layin +12V a takardar gefenta, ka ninka amfiya da 12. In ka ga 45A, wat 540 ke nan, ta yi. In an rubuta 500W a goshi amma layin 12V na da 18A, abin da za ta iya ba katinka da firosesarka bai wuce 216 ba. Tambarin 80 Plus kuwa shaidar rashin ɓarnar wuta ce, ba ta rantse maka a kan ingancin kayan ciki ba, amma fawar da ko shi ba ta da shi, ga ta sakayau a hannu, bar ta a nan.

Akwati kuma, nemi mai raga a gaba, ba mai gilashi ko roba a rufe ruf ba. Madabod ATX milimita 305 ne da 244, microATX 244 da 244. Ƙaramin na shiga babban akwati, babban ba ya shiga ƙarami. Ka auna tsawon katin da tsayin masanyayin firosesa kafin ka ɗauki akwati.

Tambaya: Kawuna ya aiko mani da Dell OptiPlex ta hannu daga Turai don karatu. Zan iya sa mata kati in riƙa ɗan wasa bayan lacca? Daga wata ɗaliba a jami'ar KNUST.

Amsa: Za ki iya, 'yar'uwa, amma da iyaka. Irin waɗannan kwamfutocin ofis, na Dell ko HP ko Lenovo, an yi su ne da fawa ƙarama, yawanci tsakanin wat 180 zuwa 300, kuma ba ta da wayar da ake jona wa kati. Ramin PCIe na kan madabod, inda kati ke zama, wat 75 kawai yake bayarwa. Saboda haka katin da za ki nema shi ne wanda ba ya neman ƙarin waya: RX 6400, ko RTX 3050 mai giga 6, ko GTX 1650 irin wanda ba shi da ramin wuta a gefe. A lura, RTX 3050 mai giga 8 daban ne, shi yana neman waya. In akwatin siriri ne, sai kin nemi gajeren kati mai gajeren ƙarfen baya, in ba haka ba murfi ba zai rufu ba.

Mutane kan ce a canza fawar kawai. Ba kullum ake iyawa ba. OptiPlex 3020 da 7020 da 9020, alal misali, filogin wutar madabod ɗinsu mai fil 8 ne na kamfanin, ba mai fil 24 da aka saba ba, sai da wayar juyi. Ita kuma wayar juyin in ta kasance siririya mai arha, a nan zafi ke taruwa. A ganinmu, ki sa ƙaramin kati da sandar RAM ta biyu da SSD, ki tsaya nan; kuɗin da ya wuce wannan gara a tara shi don sabon haɗi.

Kafin ki jona ta da bango, duba bayan fawar. In akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230, tabbatar yana kan 230, domin wutar Ghana bolt 230 ce. Wadda ta zo daga Amurka a kan 115 aka jona ta haka, ƙara ɗaya take yi da hayaƙi. Sannan ki duba zamanin firosesar: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga Intel zamani na 8 take farawa.

Tambaya: Malamai, akwatina tsoho ne, gabansa a rufe, fanka ɗaya ce ƙarama a baya. Tun da na sa RX 580, in na yi rabin awa ina wasa sai hoto ya riƙa tsinkewa, fankar katin na ta ihu. In na cire murfin gefe sai abin ya lafa. In bar shi a buɗe ne, ko in kai Suame Magazine a huda mani? Daga wani mai karatu a Asawase.

Amsa: Ɗan'uwa, ka riga ka gano ciwon da kanka: iska ce babu. RX 580 na cin wat 185, kuma duk wutar da kwamfuta ta ci zafi take komawa, dole ya sami ƙofar fita. Akwai kuma abin da masu kallon bidiyon gwaji na ƙasashen waje ke mantawa. Su suna gwaji a ɗakin da bai fi digiri 22 ba. Ɗakinka a Asawase cikin Fabrairu da Maris ya haura 30, kuma duk digirin da ɗaki ya ƙara, kati ma ya ƙara shi. Wanda ya nuna 72 a can zai nuna 80 da wani abu a nan, daga nan sai ya fara rage gudunsa don kare kansa. Tsinkewar da kake gani ke nan.

Barin murfi a buɗe maganin kwana biyu ne. Ƙurar hunturu za ta shiga yadda take so, ga kyankyasai da tsaka masu son ɗumi, ga yatsun yara.

Kafin a kai ga zarto, fara da abin da ba ya cin kuɗi. In allonka mai 60Hz ne, ka ƙayyade wasan a firam 60 cikin saitinsa. Kati zai daina wahalar zana hotunan da allo ba zai nuna ba. A manhajar AMD Adrenalin kuma za ka iya sauke iyakar wutar katin da kashi 10 zuwa 15, zafi ya faɗi sosai, gudu ya ragu kaɗan. Bayan nan sai gyaran akwati, kuma ga sharaɗin da ba a sassautawa: a kwashe komai. Madabod, fawa, waya, fanka, har ɗan allon USB na gaba. Garin ƙarfe ƙwaya ɗaya in ya maƙale tsakanin ƙafafun wani abu a madabod ya isa ya haɗa wuta.

Gyara mafi sauƙi shi ne cire kejin hadis da ke tsaye a gaba yana tare iska, wanda yanzu da SSD ba ka buƙatarsa. Yawanci da ribit aka kama shi. Sa bakin diril na milimita 3.2 a tsakiyar kan kowane ribit, ka huda har kan ya fita, kejin zai zare. Wannan kuma shi ke ba dogon kati wuri. Na biyu, ragar da aka buga a jikin ƙarfen baya, mai ƙananan huji, takan toshe iska da yawa. Yanke ta da almakashin kwano, ka goge bakin, ka sa ragar waya mai zobe-zobe a madadinta.

Sai huda wurin sabuwar fanka. Fanka mai milimita 120, tsakanin ramukan notinta milimita 105 ne, da'irar da za a yanke kuma faɗinta 114 ya isa. Mai 140, tsakanin ramukanta 124.5. Kaurin fanka milimita 25 ne, don haka kafin ka zana komai, riƙe ta a wurin ka ga ko za ta taɓa kati ko masanyayi in an rufe. Lulluɓe wurin da selotef na takarda don kada fenti ya karce, ka ɗora ragar waya ko fankar kanta ka zana ramuka huɗu, ka ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, inda suka gitta nan ne tsakiya. Ɗan buga ƙusa a kowace alama don bakin diril ya sami wurin zama, in ba haka ba zai zame ya yi maka zane a fenti. Fara da baki na milimita 3, sannan na 5. A matse murfin a kan katako kafin a fara, saboda ƙarfen akwati bai fi milimita 0.5 zuwa 0.8 ba, in ba shi da majingini lanƙwashewa yake yi. Da'irar kuwa, ko dai da zarton da'ira na kan diril, a hankali, ana ɗiga mai. Ko da ƙaramin zarton lantarki mai ƙananan haƙora na ƙarfe. Ko, in babu ko ɗaya, a jera huji kusa da kusa a cikin layin, a tsinke, a daidaita da magagari. Wannan ta ƙarshe tana cin lokaci amma ba ta ɓata murfi.

Suame Magazine akwai gwanayen ƙarfe, ba shakka, sai dai hannunsu ya saba da bodin mota da shasi. In za ka kai, kai murfin kaɗai, da zanenka a kai, ka ce ba ka son giranda babba, ba ka son wutar walda. Dukansu biyu suna ƙona fenti su murɗe kwano siriri. Mai aikin tagar alminiyam ma yakan fi dacewa da irin wannan. In an gama, goge bakin da magagari da samfefa, ka shafa ɗan fenti a inda ƙarfe ya fito tsirara, domin damina biyu muke yi a Kumasi, tsatsa ba ta jira. Sannan ka wanke garin ƙarfen, ka bi lungu-lungu da maganaɗisu, ka bar shi ya bushe sarai.

Ina za a huda? Fankar gefe ta zauna ƙasa-ƙasa, daidai saitin kati, tana shigo da iska. Ta gaba ma shigowa. Ta baya da ta sama fitarwa. Fanka tana hura iska ne ta ɓangaren da ke da sandunan da suka riƙe motarta, galibi akwai kibiya a gefe. In gaban akwatin roba ce a rufe, fankar gaba ba ta da amfani sai ka yanke tsakiyar robar ka manna raga daga ciki. Ka sa masu shigowa su fi masu fita yawa, biyu da ɗaya misali. Haka iska za ta riƙa tunkuɗowa waje ta kowace kafa, maimakon akwati ya riƙa zuƙo ƙura ta nan. A bakin kowace mai shigowa ka sa matata. Ragar sauro ta taga mai ƙananan ido tana yi, a kama ta da siririn maganaɗisu don a riƙa cirewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu a kakkaɓe ta duk mako biyu. In za ka hure cikin da bulowa, riƙe fuka-fukin fanka da yatsa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Kuma rami ɗaya na fanka a madabod yawanci amfiya 1 yake ɗauka. Karanta abin da aka rubuta a bayan kowace fanka ka tara kafin ka jona uku a waya ɗaya.

Tambaya: Ina so in yi wa murfin akwatina taga a riƙa ganin ciki, in kuma fente shi fari. Wani ya ce in sayo gilashi a yanka mani. Daga Tafo Zongo.

Amsa: Kada ka sa gilashin taga na gida, in ya fashe kaifi yake yi. Gilashin da ke zuwa da akwatunan zamani kuwa gasasshe ne, ba a yanka shi ba a huda shi, da ka taɓa shi da diril zai tarwatse ya zama tsaki. Shi ya sa ma masu irin wannan akwati kada su ajiye murfin a kan tayil, gefensa na bugun tayil ya tafi. Abin da kake nema shi ne akirilik mai kaurin milimita 3, wurin masu yin allon talla ake samu.

Zana tagar a murfi, ka bar aƙalla milimita 30 daga kowane gefe, ka kauce wa ƙugiyoyin da murfi ke zamewa a kansu. Huda kusurwa huɗu da baki mai faɗi don su yi zagaye, ka yanke tsakaninsu, ka goge, ka sa robar baki mai kwari. Akirilik ɗin ya fi ramin da milimita 15 zuwa 20 ta kowane gefe, a manna shi daga ciki da selotef mai gam fuska biyu mai ƙarfi, irin 3M VHB. Takardar da ke jikinsa kada a ɓare ta sai an gama. Kada ka goge shi da sifirit ko tina, tsattsagewa yake yi daga baki. Ruwa da ɗan sabulu da tsumma mai laushi sun isa.

Fenti kuma haƙuri yake so. A goge tsohon da samfefa lamba 320 ko 400 har sheƙin ya mutu, a wanke maiƙo, a fesa faramar ƙarfe, sannan launi shafi uku marasa kauri daga nisan santimita 25 zuwa 30, da hutun minti 10 zuwa 15 tsakaninsu ko yadda gwangwanin ya ce. Shafi ɗaya mai kauri shi ke zubar da hawaye a jikin murfi. Ranar da aka yi ruwa kada ka fesa, laima kan sa fenti ya yi hazo-hazo. A hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, sai a fesa a rufe da babban kwali. A ba shi kwana uku zuwa mako kafin a ɗaura noti. Ka toshe ramukan da ƙafafun madabod ke zama da inda fawa ke haɗuwa da akwati, domin ta nan ƙarfe ke taɓa ƙarfe wutar da ta ɓata ta sami hanyar ƙasa.

Amma fa taga ado ce kawai. In murfinka na da ramukan iska ka maye su da akirilik, ka ƙara wa kanka zafi.

Tambaya: Na gama haɗawa, na danna, fankoki na juyawa amma allo baƙi ƙirin. Na ƙona wani abu ne? Daga Alabar.

Amsa: Da wuya. Duba bayan akwati tukuna: wayar HDMI a ina ka sa ta? In a madabod take, mayar da ita ƙasa, a jikin kati. Wannan kaɗai ya warware wa mutane da yawa. In ba shi ba ne, kashe, zare filogi, cire RAM ka mayar da sanda ɗaya a rami na biyu daga firosesa, ka danna da ƙarfi har maƙallin ya ce ƙas. In sanda biyu ne a madabod mai rami huɗu, na biyu da na huɗu ake sawa. Sannan wayar firosesa mai fil 8 da ke can saman kusurwa, wadda ake yawan mantawa. Ita ce mai rabewa 4 da 4, ta kati kuwa 6 da 2 take rabewa, kada a musanya. In har yanzu shiru, cire batirin CR2032 na minti biyar ka mayar.

In duk wannan bai yi ba, fito da madabod ɗin ka ɗora a kan kwalinsa ka kunna a waje, ta hanyar taɓa fil biyu na PWR_SW, inda wayar makunnin akwati ke shiga, da bakin sukudireba. In ya kawo hoto a waje, to akwai ƙafar tagulla da ta yi rara a ƙarƙashinsa, a wurin da ba rami, tana haɗa wuta. Ƙirga ƙafafun su yi daidai da ramukan. Da ka ɗaga masanyayi kuma duba ko ka ɓare ledar da ke gindinsa. Man firosesa gwargwadon ƙwayar wake a tsakiya ya isa. A soket AM4, murɗa masanyayin hagu da dama kafin ka ja, in ba haka ba zai fizgo firosesar daga soket har ƙafafunta su lanƙwashe. In ta tashi, shiga BIOS ka kunna XMP, ko DOCP a wasu madabod, don RAM ya hau 3200 ɗin da ka biya.

Tambaya: Ina da ɗan shagon wasa, kwamfuta huɗu. Yara na cewa akwatin na ɗan jan su in sun taɓa. Ga ɗauke wuta, ta riga ta kashe mani fawa biyu. UPS mai 650VA zai riƙe mani guda biyu? Daga wani Alhaji a Sawaba.

Amsa: Ranka ya daɗe, maganar jan nan ita ce ta gaba, tunda yara ne. Kowace fawa tana zubar da 'yar wuta kaɗan zuwa jikin akwati, wadda ƙa'ida wayar atin ke kwashewa zuwa ƙasa. In soket ba shi da atin, ko waya mai rassa da aka saya ba a haɗa mata ƙafa ta uku ba, ko an sa filogi mai ƙafa biyu da dabara, sai akwati ya zauna da wuta a jikinsa, har kusan rabin ta bango in an auna, ko da yake marar ƙarfi ce. Ita ce ke tsikarar yara. Haɗarin shi ne ranar da wani abu ya lalace a cikin fawa da gaske, babu hanyar da wutar za ta bi sai jikin wanda ya taɓa. A kira ƙwararren mai wayarin ya auna atin ɗin shagon, in babu ya kafa sanda. A yi amfani da filogi mai ƙafa uku mai fis a ciki. Wannan ba aikin a-ɗaura-waya-a-taga ba ne.

UPS kuwa, wato na'urar batiri da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, VA ɗin da aka rubuta a jikinsa ba wat ba ne. A ƙananan UPS, ninka VA da 0.6: mai 650VA kamar wat 390 ke nan. Kwamfutar wasa ɗaya da allonta in wasa ya yi zafi sun kai 330 zuwa 350. Guda ɗaya ma da ƙyar, balle biyu. Ga kowace ɗaya a nemi 1000VA zuwa 1500VA, kuma a sani aikinsa ba da minti kaɗan ne a kashe kwamfuta lafiya, ba a ci gaba da ƙwallo ba. Wani abin kuma, fawar zamani mai Active PFC wani lokaci ba ta shiri da UPS mai arha wanda wutarsa ke fita a kakkarye. Sai a ga an ɗauke wuta kwamfutar ta mutu duk da UPS na kuka. Mai fitar da wuta lafiyayya irin ta bango, wanda ake rubuta wa pure sine wave, ya fi tsada amma shi ne ba ya wannan. Batirin ciki, mai bolt 12, a zafin nan shekara biyu in ya yi ya gode Allah, a riƙa gwada shi.

Sau da yawa ba ɗaukewar ce ke kashe fawa ba, dawowar ce, da kuma wutar da ke zuwa rabi-rabi da yamma. In kuɗin UPS huɗu ya yi yawa yanzu, a fara da sitabilaiza mai jinkirin kunnawa, ko ma irin abin kariyar da ake sa wa firji, mai jira 'yan mintoci bayan wuta ta dawo. A kuma saba wa yaron shago: da an ɗauke, a kashe soket. In janareta ake tayarwa, sai ya daidaita sannan a kunna kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya. Don lissafin mita, kwamfuta mai jan wat 300 na awa biyar yunit ɗaya da rabi take ci, a wata 45, sai Alhaji ya ninka da huɗu ya ƙara na allo da fanka. Fawa biyun da suka mutu kuma, in masu cire waya ne, kada a yi amfani da wayoyinsu a sabuwa. Bakin ya kan shiga amma jerin wutar kowane kamfani daban ne, SSD ke fara ƙonewa.

Tambaya: Ta yaya zan gane katin hoto na hannu mai lafiya a kasuwa? Daga Asokore Mampong.

Amsa: Kada ka biya sai an kunna a gabanka. Tafi da filashi mai manhajojin gwaji GPU-Z da FurMark da HWiNFO. GPU-Z zai nuna sunan katin na ainihi da yawan ma'ajiyarsa. Akan sauya wa tsohon kati suna a sayar da shi a matsayin sabo, kuma manhajar kan sa alamar jabu a kan wasu. A RX 580, duba adadin shada da GPU-Z ke nunawa a layin Shaders: na asali 2304 ne, in ka ga 2048 to ƙaramin ne, ƙarfinsa na RX 570, kada a karɓi kuɗin babba. Kunna FurMark minti 15. Abin da kake sa wa ido shi ne ɗige-ɗige ko layuka masu launi a allo, ɗaukewar hoto, fankar da ba ta juyawa ko take karkarwa, da zafin da ya zarce 85 a akwati buɗaɗɗe. Gwada kowane ramin HDMI da DisplayPort. Juya katin ka duba bayansa: tsatsa a noti, ko launin ƙuna a kusa da tsakiya, alamar ya sha laima ko an gasa shi don ya farfaɗo na ɗan lokaci. Katin da aka yi haƙar kirifto da shi ba lalle ne ya lalace ba, amma fankarsa da mansa sun gaji, ka sa kuɗin canza su a cinikin. Ka nemi rasit mai lambar katin da sharaɗin mayarwa ko na mako ɗaya ne. SSD na hannu kuma CrystalDiskInfo zai faɗa maka awa nawa ya yi yana aiki.

Tambaya: Na jona fitilar ado a madabod, ta yi walƙiya sau ɗaya ta mutu, har da wari. Me ya faru? Daga Sabon Zongo.

Amsa: Ka sa fitilar bolt 5 a ramin bolt 12. Iri biyu ne kuma sun yi kama. RGB na da fil huɗu a jere, bolt 12. ARGB na da fil uku da giɓi tsakanin na biyu da na uku, bolt 5, shi ne mai canza launi ƙwai-ƙwai. Wadda ta ƙone ba ta gyaruwa. In za ka sa wata, karanta rubutun da ke gefen ramin a madabod, 12V ko 5V, ka daidaita kibiyar filogin da wannan fil ɗin, kwamfuta a kashe, filogi a zare. In madabod ɗinka ba shi da ramin 5V, akwai ƙaramin akwatin sarrafawa mai rimot da ke shan wuta daga wayar SATA ta fawa. Gam ɗin da ke bayan fitilar kan saki a zafi ta faɗo kan fanka, don haka goge ƙarfen da sifirit kafin ka manna, ka ƙara mata ɗauri biyu ko uku da igiyar roba mai zargewa.